Ɗakin Alwalar Babban Baƙo

Har gobe ranar da aka ce in gina wa babban baƙo ɗakin alwala ba ta bar kaina ba. Ku ajiye shebur ku matso inuwa, tunda tifar yashi ba ta iso ba. Kai mai sabuwar hular kwano, jiya na ji kana gaya wa abokanka wai matsalar gini a ƙasar nan ita ce magina ba su iya aiki ba. A takarda ka karanto, na sani. To zauna ka ji wadda ba a rubuta ba.

Lokacin da abubuwa suka ɗan lafa, aka fara mayar da mutane garuruwansu, aikin gini ya yi yawa a kewayen Maiduguri. Ni a lokacin fomen ne, wato wanda ke tsaye a kan aiki daga safe har yamma, tsakanin ɗan kwangila da magina. In aiki ya yi kyau a yabi ɗan kwangila, in ya lalace a nemi fomen. Difloma ce da ni, amma kun san garinmu, duk wanda ya rataya tef ɗin awo a ƙugu Injiniya ne. Ni ma ban taɓa hana kowa kirana da shi ba.

Aikin da aka ba mu ƙaramin asibiti ne, a wani ƙauye gaba da Zabarmari, tsakiyar gonakin shinkafa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ɗakin ganin marasa lafiya ne, da na ajiye magani, da ɗakin haihuwa. Ga wanda bai san yadda kwangila ke tafiya ba, bari in yi masa bayani. Wanda aka ba aikin tun farko ba shi ke yi ba. Kamfaninsa a jakar hannu yake. Sai ya yanki rabonsa ya sayar wa wani, wancan ma ya yanki nasa ya miƙa gaba, har ya faɗo hannun wanda zai sayi siminti da gaske. Namu ya faɗo hannun Alhaji Tijjani.

Alhaji Tijjani ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma a Kasuwar Shanu ya buɗe ido. In ya kalli sa daga nesa zai gaya maka abin da ya ci jiya. Amma rodi duk rodi ne a wurinsa. Wani abokinsa ne ya ce masa yanzu gini ake yayi, ya shigo.

Ranar da na fara taka filin na san akwai magana. Ƙasar wurin firgi ce, baƙar lakar nan da shinkafa ke so. Da rani ta dare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Zanen ginin kuwa, wanda ya yi shi bai taɓa ganin firgi ba. Zane ɗaya ne ake rabawa ko'ina, kan dutse ko bakin fadama, sunan gari kawai ake canzawa.

Yadda ake gini a irin wannan ƙasa ba wani sirri ba ne. A haƙa da zurfi, a kwashe baƙar lakar, a ciko da jan ƙasa ana daddaɓewa hawa-hawa, sannan a saƙa rodi kamar tabarma a zuba kankare bai ɗaya. In ƙasa ta motsa, sai ta motsa da ginin gaba ɗayansa, ba ta fizgi kusurwa ɗaya ta bar ɗaya ba. Na zauna na yi wa Alhaji wannan bayanin tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Injiniya," ya ce, "duk na ji. Amma abin da ya iso hannuna ba sa ba ne, ƙafar sa ce. Da ita za ka yi mana miya."

Da ƙafar muka yi miyar. Harsashi iya gwiwa. Rodi siriri kamar tsinken tsire. Bulo kuwa, siminti gaisawa kawai ya yi da yashi ya wuce. Ba shi ruwa safe da yamma, yadda ya kamata a yi wa sabon bulo don ya yi ƙarfi, wannan sai ranar da Allah ya kawo 'yan garuwa da sauƙi. Babban maginimmu Baba Kyari, dattijon da ya fara riƙe cokalin gini tun ban san hannun damana ba, in ya ɗauki bulo sai ya lallaɓa shi kamar ƙwai, yana cewa, "A hankali, kada ya farka." Injiniyan da ofis ya turo duba aiki ya zo, ya sauke gilashin mota, ya leƙo, ya ce zafi ya yi yawa. Shi ma ya san firgi sarai, ajinmu ɗaya da ƙaninsa. Ya ce Allah ya rufa asiri, muka ce amin.

Mutum ɗaya ce a ƙauyen ta ɗauki ginin nan da gaske: Ya Falmata, ungozomar garin, mai takardar horo. Mace ce mai jiki, ta manyanta, muryarta ta fi ta Bulama, mai garin, kai wa nesa. Tun da suka dawo garin a rumfar zana take karɓar haihuwa, an lulluɓa mata tamfol a sama. In ruwa ya sauka hanyar Maiduguri yankewa take yi, in yamma ta yi kuma shingen jami'an tsaro ya rufe. Duk macen da naƙuda ta kama a tsakanin nan, daga Allah sai Ya Falmata.

Kullum da hantsi sai ta zo da tulun ardeb, ruwan tsamiyar nan mai sanyi, ta raba wa leburori. "Wushe da aiki, wushe," ta bi kowa. Sannan ta wuce kai tsaye ɗakin haihuwa ta tsaya a tsakiya tana auna inda gado zai zauna.

"Modu ƙanena," ta kan ce mini, "ni ban ce fenti ba, ban ce fanka ba. Rufin da ba ya yoyo da ƙofar da ke rufuwa, kafin ruwan fari. Ka ji?"

In ce, "Na ji, Ya Falmata." In sha ardeb ɗinta in kau da kai.

Mun kai linta, ana shirin ɗora kwano, sai ga wata mota mai baƙin gilashi. Wani saurayi ya fito, waya biyu a hannu, takalminsa na ƙyalli. Ya ce shi jami'in furotoko ne, wato mai riga manya zuwa wuri ya duba inda za su zauna, da inda za su tsaya, da ta inda rana za ta bugo su. An sa ranar buɗe asibitin, kuma babban baƙo da kansa zai zo daga sama. Ku lura, an sa ranar buɗewa ba tare da an tambayi ko an gama ba. Haka tsarin yake, rana ake fara sawa, gini ya biyo ta a guje.

Na ɗauka zai ce in zagaya da shi. Ko ƙofar ɗakin haihuwa bai kalla ba. Ya juya hagu, ya juya dama.

"Injiniya, ina Oga zai kama ruwa?"

Na nuna masa bandakin da muka haƙa a baya. Ya tafi, ya taka murfin da ƙafa ɗaya, ya dawo fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe ya ba ni labari. Wai a wani gari an taɓa kai Oga bandakin wata makaranta, murfin ramin ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai faɗa ba fa, motsi kawai ya yi. Amma waɗanda wannan motsin ya raba da aikinsu, har yanzu wasu na gida suna kiwon kaji. Tun daga ranar ya zama ƙa'ida: duk inda Oga zai je buɗe wani abu, sai an tanadi ɗaki na musamman nesa da jama'a, inda zai yi alwala, ya yi salla, ya sake babbar riga in gumi ya ɓata ta.

"Ƙasar nan tana riƙe gini?" ya tambaye ni.

Kai, jama'a! Watanni ina jiran wanda zai yi mini wannan tambayar. Na ce ba ta riƙewa, na yi masa bayanin firgi, irin wanda na yi wa Alhaji, ban ƙara ko kalma ba. Ya zaro ido. Nan take ya kira Alhaji, ya buɗe murya yadda zan ji.

"Alhaji, in ko tayil ɗaya ya motsa a ƙarƙashin ƙafar Oga, ni da kai da injiniyanka duk mun tashi daga aiki. Kai kuma ba ka ƙara jin ƙamshin kwangila a jihar nan."

Na ji Alhaji na salati a waya. Da yamma ya kira ni, murya a sanyaye. "Injiniya, wannan ɗakin ka yi shi yadda yake a littafinku. Kada ka rage komai."

Washegari Alhaji ya saki bijimai a kasuwa. Kafin azahar tifa ta fara sauke jan ƙasa. Ga rodi mai kaurin babban yatsa, ga tsakuwa wankakkiya, ga siminti an jibge har sai da muka nemi tamfol. Tankar ruwa, wadda na roƙa har bakina ya bushe, ta riƙa zuwa safe da yamma kamar mai biyan bakance. Injiniyan ofis ya fito daga mota! Wallahi ya fito, ya naɗe hannun riga, ya shiga rami da tef yana auna tazarar rodi. Zafin bai ragu ba, bazara ce tsakiyarta. Ashe sauran naman san da aka ba mu ƙafarsa yana nan, wanda ya isa a yanka masa ne bai zo ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin aikin nan. Rabon da in yi gini yadda aka koya mini har na manta. Baba Kyari ya ɗaga bulon da muka buga, ya sake shi daga kafaɗa, ya faɗi tim bai ko ɓantare ba. Dattijon nan ya yi dariya har da hawaye. Ranar yana jera bulo yana waƙa da Kanuri, leburori na amsawa. Muka yi ɗaki ɗaya madaidaici, da bandaki a ciki, da famfo da tankinsa a sama. Tayil har bango, silin mai kyau, taga mai raga, ƙofar ƙarfe da muka kafa a cikin kankare.

Ya Falmata ta zo da tulunta ta tsaya tana kallo. Ta dubi wannan, ta waiga ta dubi nata.

"Modu, wannan kuma na wane ne?"

"Na babban baƙo ne, Ya Falmata."

"Kwana nawa zai yi mana?"

"Ba zai kwana ba. Alwala zai yi."

Ta gyara lafayarta. "To, haihuwa zai yi bayan alwalar?"

Leburori suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don ba da wasa ta faɗa ba. Ranar ba ta ba ni ardeb ba.

Ranar buki ta zo. Mun shafa wa asibitin fenti ta gaba da gefen da rumfunan baƙi ke kallo. Bayan kuwa, wa zai zagaya? Aka kawo gadaje da na'urori a mota aka jera, aka ɗaura kyalle a ƙofa. Tun hantsi mata ke guɗa, makaɗa na kiɗa, Bulama ya sha rawani yana ta gumi. Furotoko ya shimfiɗa sabuwar darduma a ɗakin alwala, ya ajiye buta da tawul da turare, ya sa ɗan sanda a ƙofa.

Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar, kuma ya riga ya yi sallarsa a gari. Ya sauko, ya yanke kyalle, ya ce daga yau matan wannan yanki sun huta. Aka tafa, aka ɗauki hoto, ya koma mota. Ko inda ɗakin yake bai kalla ba. Ƙurarsu ba ta gama kwanciya ba motar da ta kawo gadajen ta dawo ta kwashe su, wai na aro ne, gobe akwai wani bukin a wani gari.

Furotoko ya naɗe dardumarsa, ya kulle ɗakin, ya jefa makullan a aljihu. Ya nuna ni da yatsa. "Kada a buɗe wa kowa. Oga na iya dawowa duba aiki kowane lokaci." Bai san wanda ya ƙera ƙofar ya ba ni makulli ɗaya tun ranar da muka kafa ta ba. Na sa shi a zoben makullan gidana, na ma manta da shi.

Ruwa ya sauka, aka yi manya guda biyu ko uku. Wata safiya wayata ta yi ƙara, Ya Falmata ce.

"Modu, zo ka ga aikinka."

Na bi motar kasuwa zuwa Zabarmari, sauran na taka da ƙafa cikin taɓo. Abin da na tarar ban yi mamakinsa ba. Firgi ta sha ruwa ta yi abin da ta saba. Bangon ɗakin haihuwa ya dare daga taga har ƙasa, in ka kara ido kana hango gonar shinkafa. Silin ya jiƙe ya yi ciki. Ƙofar kuwa ta karkace ta cije, ba ta buɗuwa ba ta rufuwa. Ya Falmata ta koma rumfarta, ita ma iska ta yage rabin tamfol ɗin. Can gefe ga ɗakin alwala tsaf, ko tsagar gashi babu, sai ƙadangaru na shan iska a kan dakalinsa.

Muna tsaye tana nuna mini, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu ankara ruwa ya ɓarke. Cikin ruwan nan sai ga amalanke, wani manomi na jan shanun yana ihu, mata biyu na riƙe da matarsa a kai. Yagana sunanta, cikin fari, tun asuba take naƙuda. Hanyar gari ta riga ta yanke.

Ya Falmata ta duba ta, ta ɗago. Ta kalli rumfa, ruwa na zuba ta ko'ina. Ta kalli ɗakin haihuwa. Sannan ta nuna ɗakin alwala ta ce wa mijin, "Ɓalle mini ƙofar can."

Ya ɗauko taɓarya a wani gida, ya ja baya, ya maka. Taɓaryar ta dawo masa har ta kusa fasa masa goshi. Ya sake makawa. Ko fenti bai ɓare ba.

"Bari wahalar da kanka," na ce masa. "Ba za ta ɓallu ba. Ni na kafa ta."

Sai da maganar ta fita na ji da wace murya na faɗe ta. Da alfahari na faɗa, jama'a, mace na murƙususu a kan amalanke. Ya Falmata ta juyo ta zuba mini ido, ruwa na bin fuskarta.

"Sannu, gwani. To wanda ya kafa ba shi da makulli?"

Na ji tsoro, gaskiya ɗaya ce. Na tuna yatsan furotoko, na tuna yarana na makaranta, na tuna masu kiwon kaji. Yagana ta yi wata ƙara. Na laluba aljihu na ciro makullan gidana, na gwada biyu kafin na dace. Ƙofar ta buɗe sumul, ko ƙara ba ta yi ba. Ƙamshin turaren Oga na nan a ciki.

Suka shigar da ita, suka shimfiɗa tabarma da leda a kan tayil. Ya Falmata ta murɗa famfo, ruwa ya zubo, ta ce, "Ikon Allah," ta turo ƙofar. Ni da mijin muka rakuɓe a ƙarƙashin bakin kwano. Bangon ya yi kauri, ba ma jin komai daga ciki. Yana ta tambayata ko lafiya, kamar ni na san wani abu ban da siminti. Wajen la'asar, ruwa ya fara tsagaitawa, muka ji kukan jariri ta tagar nan mai raga.

Ya Falmata ta leƙo tana goge hannu. "Mace ce, uwa da 'ya lafiya." Ta miƙo mini tafin hannu. Na zare makullin daga zobe na sa mata. Ta ɗaure shi a bakin lafayarta. "In baƙonku ya dawo, ka ce masa mun ara. Ka kuma ce masa ba ma mayarwa."

Bai dawo ba, furotoko ma ban sake ganinsa ba. Waɗanda suka zo 'yan kwamitin bincike ne, bayan damina, don a gano abin da ya sa ginin ya tsage. Rana ta dame su, suka ja kujeru suka zauna a inuwar ɗakin alwala suka yi shawara. Abin da suka gano shi ne rashin ƙwararrun ma'aikata. Aka tura mu horo a wani otal a cikin gari, ni da Baba Kyari, a koya mana gini a kan firgi. Malamin ya haska hoton bangon da ya dare ya ce ga aikin jahilci. Ya haska wani ya ce ga yadda ƙwararru ke yi. Baba Kyari ya gyara tabarau, ya taɓo ni.

"Injiniya, wannan na biyun ba hannunmu ba ne?"

"Duka biyun, Baba."

"To wanne aka kawo mu mu koya?"

Na ce ya ci shinkafarsa, an kusa raba takardar shaida.

Don haka kai mai sabuwar hula, in an ce maka ba mu iya ba, ka ce a tambayi wa za a gina wa. Hannu ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, ɗan kwangila ɗaya ne. Abin da na koya a sana'ar nan shi ne siminti ba ya bin zane, tsoro yake bi. Inda ake jin tsoron mai shiga, buhu ba ya ƙarewa. Ku da za ku gaje mu, in kun tsaya a bakin harsashi, ku ƙaddara Oga ne zai taka, ko da kun san Yagana ce.

Bara na bi ta ƙauyen. Asibitin awaki ne ke kwana a ciki. Ɗakin alwala kuwa yana nan daram, Ya Falmata ta sa gadonta, yaran da aka haifa a ciki har sun fara zuwa gona kai abinci. Ta ba ni ardeb, ta ce komai lafiya, matsala ɗaya ce: gado ɗaya ɗakin ke ci. In mata biyu suka zo tare, ɗaya sai ta jira a rumfa, ko ana ruwa.

Tun daga ranar abu ɗaya ke cina. Lokacin da furotoko ya tambaye ni girman ɗakin da za a yi, ni da bakina na ce masa wannan ya ishi mutum ɗaya yin alwala. Da na sani, da na ce masa ya yi wa Oga kaɗan.